Safar Hannun Baba Anton

A wata ƙasa mai sanyi akwai wani tsoho da ba ya iya ɗaga kofin shayi da hannunsa na dama. Mutanen ƙasarsa sun yarda cewa abokan gaba ne suka yi masa haka. Ni na san ba haka ba ne, domin ni ne na tada injin. Fastonmu ya ce tuban da aka yi a ɓoye rabin tuba ne, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, ko na garin, saboda tsohon yana da rai, kuma wahalar da na jawo masa ta isa.

Sunana Yohanna. Mahaifiyata tana Manchok, ni kuwa a Kafanchan na koyi wayarin, a nan nake cin abinci da shi. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma hannuna ya san waya.

Sai na fara da yadda muke aiki a gida, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. Mai hali a garinmu yana sa canjoba, wato makunnin da ke raba gida da layin kamfani kafin wutar janareto ta shiga. Marar hali kuwa sai ya zare katawut, fiyus ɗin nan na tangaran da ke bakin ƙofa, ya jefa a aljihu, ya soka waya a soket. In transfomar unguwa ta ƙone an yi wata uku ba labari, wani ko zarewar ma ba ya yi. Ma'aikatan wuta na wajenmu sun san halinmu sarai. Ko ka rantse musu da Littafi cewa waya matacciya ce, ba sa taɓa ta sai sun ɗaure ta da ƙasa, sun kuma bi layi suna cewa a kashe inji. Kowa yana zargin kowa, zargin nan kuma shi ke tsare rai. A cikin wannan na girma, ban taɓa tunanin akwai inda mutum ke yarda da waya ba.

Wanda ya kai ni shi ne Yaya Gidiyon, ɗan wan babana. Karatu ya kai shi can, ya zauna. Ya ce akwai kamfanin sola da ke neman irina. Ranar da na sauka, tun muna cikin mota ya karɓi fasfona, wai baƙo yakan yar da takarda. Da muka isa ban ga kamfani ba. Na ga gareji, da janareto shida a jere, da katifa a wani ɗan ɗaki na baya. Na tambaye shi ina solar. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Ƙanena, wutan ƙasan nan ba kaman da ba ne, yanzu ana ɗauke shi. Abin da ka iya a gida, a nan zinariya ne."

Hayar injuna yake ba masu shaguna, ni ne mai haɗawa. Raina ya ɓaci, amma ban da fasfo, ban da yare, kuma wana ne. Na yi shiru. Wannan shi ne shiruna na farko.

Garejin yana jikin wani dogon bene, gidan burodi a ƙasa, mutane a sama. Sati na biyu na fito da takalmin da na saya a kasuwar Kafanchan, ƙanƙara ta kwashe ni na zauna daɓas a bakin hanya. Wani tsoho mai rigar aiki ya ɗaga ni. Yana kaɗe min riga ya ga testa, abin gwada wuta, a aljihuna, ya zaro nasa ya haɗa su wuri ɗaya, ya fashe da dariya. Shi ne Baba Anton, ma'aikacin kamfanin wuta, ya kusa ajiye aiki. Washegari ya ajiye min takalmansa na da a ƙofar gareji, masu gashi a ciki. Sun yi min yawa, na cusa takarda.

Daga nan matarsa, Mama Nina, ta fara aiko min da wata jar miya da ake ɗora mata wani abu kamar kindirmo. Ran Lahadi sukan kira ni sama. Turancinsa guntu-guntu, nawa ma haka, sauran wayar salula ta fassara mana. Na dafa musu shayi da cittar da mahaifiyata ta ƙulle min a leda. Baba Anton ya kurɓa, ya yi tari har da hawaye, ya ce wannan ba shayi ba ne, babban layin wuta ne. Duk ranar da kewar gida ta kama ni, na tuna tuwon acca da waƙar zumuntar matan majami'armu, teburin nan nasu ne ke riƙe ni.

A teburin ne ya bayyana min abin da ke ɗauke musu wuta. Ba lalacewa ba ce irin tamu. Ƙasarsu da maƙwabciyarta ba sa ga maciji. Wasu mutane da gwamnatin can ke biya suna zaune a ɗaki mai ɗumi, gaban kwamfuta, su shiga na'urorin da ke juya tashoshin wuta na nan. Ya ce da idonsa ya taɓa ganin kibiyar allo tana tafiya ita kaɗai, ba hannun kowa, tana kashe layi ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suna tsaye suna kallo. Na tambaye shi me gwamnatinsu take yi. Ya ce manyansu suna cewa su ma sun shuka nasu tarkon a na'urorin tashoshin can, domin tsoron ramuwa ya hana wancan ɓangaren taɓa su. Na ce masa a wajenmu wannan kamar maƙwabta biyu ne, kowa ya tsaya da ashana a gindin rumbun ɗan'uwansa. Ya ce haka ne, sai dai masu riƙe ashanar ba daga rumbun suke ci ba. Mama Nina ba ta yi dariya ba. Yayarta tana aure a wani gari na can tsallaken iyaka.

Da sanyi ya kai tsakiya, wata safiya wuta ta tafi a dukan garin. A gida in an ɗauke, sai mu yi tsaki mu ci gaba da harkarmu. A can komai ne ya mutu tare. Famfo ya ƙafe, bututun da ke ɗumama ɗakuna suka huce, tsofaffin da ke hawa na tara suka maƙale a sama. Baba Anton da abokan aikinsa suka bar kwamfuta, suka koma bin tashoshi suna mayar da makunnai da hannu. Inda suka mayar, kowa ya kunna hita a lokaci guda, fiyus ɗin akwatunan kan titi suka riƙa ƙonewa, sai an bi ɗaya-ɗaya an canza.

Rana ta biyu, mai gidan burodi ya zo gareji yana roƙo. Layin mutane ya kai har kwanar titi, ba burodi. Yaya Gidiyon ya jawo babban injinmu. Na shiga in raba benen da layin kamfani, sai na tarar babban makunnin yana wani ɗaki a kulle, da hatimin kamfani a ƙofar, mai makullin kuma ba a san inda yake ba. Na fito na ce ba zai yiwu ba sai an ɓalle ƙofar. Yaya Gidiyon ya ja ni gefe ya ce ɓalle hatimi maganar 'yan sanda ce, in tuna takarduna ba na aiki ba ne.

"Wutan ba zai dawo yau ba. Ka kashe na mutanen sama, ka ba gidan burodi kawai. Sau nawa ka yi haka a gida?"

Sau da yawa na yi. Amma kada in ɗora masa duka. Na san wutar inji ba ta san gaba da baya ba, duk wayar da ta samu a buɗe za ta bi. Na sani. Abin da ya rinjaye ni shi ne idanun mutanen da ke layi. Wata uku ana wuce ni kamar turke, ran nan kowa ni yake kallo, har wata tsohuwa ta kama hannuna ta sumbata. Na ji daɗi. Na kashe makunnan gidajen sama, na haɗa wayata a babban soket na tanda. Daga ƙofar gidan burodi zuwa akwatin ƙarfen da ke ba benen wuta, a kan kwana, bai fi taku arba'in ba. Da a gida ne, da wani ya zo yana ihu a kashe inji. Ban ji ihu ba, sai na ɗauka ba kowa. Ban taka na duba ba.

Wajen sha biyun rana na tada injin. Mutane suka tafa. Sai injin ya yi wani nishi, ya sunkuya kamar an ɗora masa kaya, sannan ya miƙe. Na san wannan nishin. Kafin in kai hannu, wata mata ta ƙwalla ƙara daga kan kwana.

Baba Anton ne. Ya buɗe akwatin yana canza fiyus. Ya gwada wayar da ke zuwa benenmu ya ga matacciya ce, kuma a ƙasarsu wayar da aka gwada ta mutu ba ta farkawa daga baya, domin ba mai mayar da wuta ta cikin gida. Sanyi ya sa yatsunsa ba sa kama ƙaramin noti, sai ya cire safar roba ta hannun dama na minti ɗaya. A cikin mintin nan wutata ta iso.

Na durƙusa a kansa ina kiran sunan Yesu. Ba zan kwatanta hannun ba. Da motar asibiti ta tafi da shi na waiga, ba inji, ba waya. Yaya Gidiyon ya kwashe komai ya mayar gareji. Mai burodi ya rufe shagonsa. Mutanen layi sun ga janareto, amma ba wanda ya haɗa shi da abin da ya faru a kwana, domin ba su san wuta tana iya yin haka ba.

Kwana biyu bayan nan na ga hoton Baba Anton a talabijin. Waya ta fassara min: wai abokan gaba sun jira sai da ma'aikata suka sa hannu, sannan suka sako wuta daga nesa don su kashe su. Wani babba ya je asibiti da furanni, ya tsaya a gaban gado yana cewa wannan ba zai tafi a banza ba. Yaya Gidiyon ya ɗaga hannu sama ya ce Ubangiji ya rufa mana asiri. Na ce ba Ubangiji ba ne wannan. Ya zaunar da ni, ya kawo maganar mahaifiyata da hawan jininta, ya kawo sunan gidanmu, ya ce jini ɗaya muke, in na nutse shi ma ya nutse, kuma ba zai taɓa barina ba. Na sake yin shiru.

Kwana tara na yi a haka. Mama Nina tana dawowa daga asibiti ta ajiye min miya a ƙofa, kamar kullum. Ina ci. Wannan ma ina so a rubuta shi a kaina: ina ci.

A rana ta goma aka sanar cewa wuta ta tafi a garuruwa na tsallaken iyaka. Ba wanda ya ce mu ne, amma a kan titi mutane suna murmushi. Cikin garuruwan har da na yayar Mama Nina. Na hau sama na same ta zaune da waya a cinya, tana kira ba ya shiga. Kwana huɗu tana haka. Da kiran ya shiga, yayar tana da rai, amma mijinta mai ciwon ƙirji bai kai ranar da aka dawo da wutar ba. Ba na cewa saboda hannun Baba Anton kaɗai aka yi. Mai ashana ba ya rasa dalili. Amma hannun ne aka yi ta nunawa, kuma ni na ba su shi. Ban san nawa ne rabona a mutuwar mutumin nan ba. Har yau ban sani ba.

Na gaya wa Yaya Gidiyon cewa zan je in faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ce in haka zuciyata ta ce, to, gobe zai raka ni da kansa, ya yi min tafinta. Har addu'a muka yi tare. Da safe ya aike ni wata unguwa mai nisa in duba wani inji a wani shago, da ya ce yana ba da matsala. Na je ban sami shagon ba. Na dawo na tarar da gareji a buɗe, ba janareto ko ɗaya, ba jakarsa, ba fasfona. Katifar kawai ya bar min, da takalman Baba Anton.

Na tafi ofishin kamfanin wuta ni kaɗai. Aka kai ni gaban wani mai kwat, aka samo mai jin Turanci. Na faɗi komai, har na zana musu yadda na haɗa wayar. Mai kwat ya saurara har ƙarshe, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Ya ce masana sun gama bincike, rahoto ya riga ya tafi sama. Ya ninke zanena ya sa a aljihunsa. Sannan ya tambaye ni takardun zama. Na shiga ina tsoron kurkuku saboda hannun mutum, na fito da umarnin barin ƙasa saboda ba ni da fasfo. Ofishin jakadancinmu ne suka yi min takardar komawa.

Saura kwana biyu in tafi aka sallamo Baba Anton. Na hau benen nan. Yana zaune a teburin, hannun a naɗe a ƙirji. Na durƙusa a ƙasa kamar yadda ake yi wa uba a gida, na fara magana. Bai bari na kai rabi ba.

"Na sani, Yohan. Noti yana hannuna na ji inji ya tashi. Shekara arba'in ina aikin nan."

Ya ce tun a asibiti ya gaya wa masu bincike cewa daga baya wutar ta zo, wato daga benenmu, ba daga gaba ba. Suka ce zazzaɓi ne ke sa shi surutu. Bai ambaci sunana ba, su ma ba su tambaya ba, domin ba sa son sani. Ya ce ni na yi aikin jaki, su kuwa da hankalinsu suka yi nasu, suka ɗauki hannunsa suka mari mijin yayar matarsa da shi.

Na roƙe shi gafara. Ya juya ya kalli taga.

"Ban yafe ba tukuna. Wataƙila in sanyi ya wuce."

Mama Nina tana kicin, ta ji duka. Ba ta fito ba, ba ta kuma zuba miya ba. Na ji tana wanke tukunya ɗaya tana maimaitawa. Wannan ya fi min zagi ciwo, kuma na cancanta. Da na tashi zan fita, Baba Anton ya nuna min jakar aikinsa da haɓa, ya ce in buɗe. Safar robar tana ciki, ta hannun dama, ko ƙwarzane babu, domin ba ta hannunsa lokacin da wutar ta zo. Ya ce in ɗauka, shi ba shi da abin sa mata.

Na dawo Kafanchan na tarar labari ya riga ni. Yaya Gidiyon ya buga wa dangi waya daga wata ƙasar, ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, amma na kama shan giya har aka kore ni. Mahaifiyata ba ta tambaye ni ba, ni ma ban iya buɗe baki ba. Na koma wayarin. Abu ɗaya ya canza: ba na haɗa inji a gidan da ba canjoba. Kwastomomi da yawa sun bar ni. A bakin kasuwa masu shaguna suna kirana Bature, wai na je na koyo iyayi.

Da Kirsimeti Yaya Gidiyon ya zo gida. Ya yi ƙiba. Ya sa aka sanar zai yi godiya a majami'armu, ya kuma kawo wa ikilisiya kyautar sabon janareto. Safiyar Lahadin babu wuta, dattawa suka aiko a kira ni in haɗa kafin a fara sujada. Na duba bango, ba canjoba. Wani dattijo ya ce in zare katawut kawai, mutane suna jira, mawaƙan kwaya suna son makirfo. Na buɗe jakata na sa safar Baba Anton. Yaya Gidiyon yana tsaye a gefe da babbar riga. Ya gane ta, na ga fuskarsa. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanena, abin da ya wuce ya wuce. Ka haɗa mana wutan nan."

Na ce ba zan haɗa ba. Ran nan aka yi sujada ba makirfo, ba fanka. Da aka zo lokacin shaida na tashi, da safar a hannuna, na faɗi abin da na rubuta a nan, na fara da nawa laifin. Da yake ba inji, har na bencin baya sun ji. Kafin in gama Yaya Gidiyon ya fita, wai ana kiransa a waya. Wasu sun yarda da ni. Da yawa sun ce hassada ce, mutum ya kawo wa Allah kyauta na ɓata masa rana. Gidan wan babana ba sa gaishe ni har yanzu. Sai da muka hau mota za mu Manchok mahaifiyata ta tambaye ni ko tsohon yana da mai dafa masa abinci. Na ce yana da shi. Ta ce in nemo adireshinsa, za ta aika da citta.

Mun aika. Sanyi ya wuce sau biyu tun daga lokacin, amsa ba ta zo ba, kuma ba ni da bakin yin ƙorafi.

Kafin in tada kowane inji yanzu, sai na taka har gindin falwaya na ɗaga kai na duba, ko da rana tana dukan ƙeya, ko da mai gida yana tsaki. In mutane suka ga safa ɗaya a hannuna sukan yi dariya, su tambaye ni ina 'yar'uwarta. Nakan ce tana wurin mai ita. Hannun hagu ya rage masa, da shi yake shan shayi.